Rijiyar Da Ta Toshe Ba Ta Mutu Ba: Jawabi Ga Makiyaya Da Fataken Shanu

 Mun gode muku da kuka baro dukiyarku a hannun yara kuka zo. Muna roƙon wanda ya ji Hausa ya mayar wa na kusa da shi da Larabci ko Fillanci, domin maganar yau ta shafi kowa. Maganar rijiya ce, musamman rijiyar da mutum ɗaya ko 'yan ƙungiya suka haƙa da kuɗin aljihunsu, ta yi shekaru tana bayarwa, sa'an nan aka wayi gari ruwanta ya ja baya.

Ƙidayar dabbobi da gwamnati ta yi tsakanin 2012 da 2015 ta nuna ƙasar Cadi tana da dabbobi kusan miliyan 94, ban da kaji. Kowace ɗaya daga cikinsu sai ta sha. Saniya guda a watannin bazara, watau daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafi ke wuce awo 40 a Injamena, tana shan lita 30 zuwa 40 a yini. Mai shanu 100 ke nan yana bukatar ganga 15 zuwa 20 ta lita 200 kullum ta Allah. An yi manyan ayyukan ruwan makiyaya a ƙasar nan, kamar aikin Almi Bahayim da aka fara a gabas a 1995 da taimakon Faransa, amma a nan kewayen birni, ta hanyar Masaget da ta Durbali da wajen Farsha, da yawa daga cikin rijiyoyin da muke shayarwa na masu su ne. In sun lalace babu ofishin da zai zo ya gyara mana, mu ne za mu biya.

Za mu fara da laifin kanmu kafin mu yi wa kowa nasiha. Ƙungiyarmu tana da foraj, watau rijiyar burtsatse, a zangon da fatake ke tara shanu kafin su ƙetare zuwa Kusuri su nufi Gamboru da Maiduguri. Lokacin da aka haƙa ta, ganga tana cika cikin minti 5. Bayan ambaliyar 2022, wadda ta sa gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a watan Oktoba, lokacin da Shari da Logon suka cika suka shiga Waliya da Tukura, sai muka ga ruwan ya fara fitowa ja-ja yana wari. Kafin bazara ganga ba ta cika sai an yi minti 18, famfo kuma yana ta tari yana zuƙar iska. Muka koma sayen ruwa a wajen 'yan ga-ruwa, kuɗin ya yi mana nauyi, muka ce yara su riƙa kai shanu bakin kogi. Hanyar kogi kuwa duk lambuna ne. Ran nan bijimai biyu suka faɗa lambun wani bawan Allah suka yi ɓarna, saura kaɗan a zub da jini, sai da aka zauna gaban bulama muka biya diyya.

Ana cikin haka wani mutum ya zo mana da jarka biyu marasa rubutu, ya ce maganin buɗe rijiya ne. Ba mu tambaye shi sunan maganin ba, ba mu ce ya auna kome ba, muka ba shi kuɗi ya zuba, famfo yana ciki bai fitar ba. Ashe ruwan batir ne. Ya cinye robobin cikin famfo, ya fallatsar wa yaron da ke taya shi ya ƙone masa hannu, kuma da aka zuƙo ruwan farko aka bari ya kwarara cikin kwami, maruƙa biyu suka sha suka mutu. Ruwa bai ƙaru ba ko kaɗan, mutumin kuma ba mu sake ganinsa ba. Garin neman gira muka rasa ido. Har mun fara karo-karo don haƙa sabuwa, sai wani dattijon ma'aikacin ruwa ya ce mu dakata ya auna tukuna. Da ya fitar da bututun famfo, duk jikinsu wani jan yauƙi ne kamar kunun kanwa. Ya yi kwana 3 yana aiki da buroshi da iska da kulorin, ganga ta dawo cika a minti 6. Abin da muka koya a wurinsa, da abin da muka bincika daga baya, shi za mu gaya muku.

Foraj dogon bututu ne a tsaye cikin ƙasa. Can ƙasa inda yashi mai ruwa yake, bututun yana da ƙananan tsagogi kamar rariya, masu haƙa suna ce masa kirefin, an kuma zuba tsakuwa kewaye da shi don ta tare yashi. Ta waɗannan tsagogi kaɗai ruwa ke shiga. In suka toshe, ko da teku ne a kwance a ƙarƙashinmu famfo ba zai samu ba, rijiya ta bayar guga ya hana ke nan. Abubuwa uku ne suka fi toshe su. Na farko yauƙin wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ke rayuwa da ƙarfen da ke narke cikin ruwa. Alamarsu jan yauƙi a jikin bututu, da ruwa mai fitowa garau amma ya koma ja in ya kwana a bokiti, wani lokaci da wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Na biyu ɓawo mai tauri, fari ko ruwan ƙasa, irin wanda kuke gani a gindin butar shayi. Na uku laka da lallausan yashi da ke cusa kansu tsakanin tsakuwa, ko lakar haƙa da aka bari tun ranar farko ba a wanke da kyau ba, ko wadda ambaliya ta zuba ta bakin rijiya.

To, ba kowace raguwar ruwa ce toshewa ba, kuma a nan ne ake cin kuɗinmu. Kafin a sayi magani ko na dala ɗaya, sai a yi awo uku, kuma duk mai igiya da agogo zai iya. A sami igiya mai tsabta a yi mata ƙulli a kowace mita, a ɗaura ɗan ƙarfe a bakinta. Da asuba kafin a ta da famfo a zura ta a ji inda ta taɓa ruwa, a rubuta. Sa'an nan a ta da famfo a duba minti nawa ganga ke cika, a rubuta. Bayan awa ɗaya ana zuƙa, a sake zura igiya a ga inda ruwa ya sauka, a rubuta. Wanda famfonsa ya rufe bakin rijiya gaba ɗaya, ya sa a yi masa 'yar ƙofa mai murfi saboda wannan awo.

Ga yadda ake karanta shi. In ruwan asuba ya yi ƙasa sosai fiye da inda yake a da, to ruwan ƙasa ne kansa ya sauka, kamar yadda iyayenmu suka gani a farin 1973 da na 1984, kuma babu maganin da zai ɗago shi, sai dai a ƙara wa famfo bututu in zurfin rijiya ya yarda. In ruwan asuba yana nan inda yake, ana zuƙa kuma bai sauka sosai ba amma abin da ke fitowa kaɗan ne, to ciwon na famfo ne, ko roba ta cinye ko bututu ya huje. In yashi ne ke fitowa da yawa har yana taruwa a gindin ganga, to rariyar ta fashe ko famfon ya fi ƙarfin rijiya, wannan ma ba aikin magani ba ne. Amma in ruwan asuba yana nan daram, ana ta da famfo ya faɗi can ƙasa da sauri har famfo ya zuƙi iska, in an kashe kuma ya daɗe bai dawo ba, to wannan ita ce toshewa. Masana aikin suna cewa kada a jira sai ruwa ya ɗauke. Da zarar abin da rijiya ke bayarwa ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu, lokacin wanki ya yi, don ɓawon da ya shekara yana taurara ba lalle ne ya narke ba.

In an tabbata toshewa ce, aikin farko ba magani ba ne. A fitar da famfo da bututunsa a wanke su a waje. A goge cikin rijiya da buroshi mai dogon hannu. A sa kwamfaresa a hura iska a ƙasa, ana bayarwa ana ɗaukewa, don ruwa ya riƙa kai da komo ta cikin tsagogi har datti ya taso. Sau da yawa, musamman in laka ce, wannan kaɗai ya isa. Magani yana zuwa ne bayan haka, kuma kowane ciwo da nasa.

Maganin yauƙi shi ne kulorin. Akwai na gari mai ƙarfi da ake kira HTH, wanda ƙarfinsa ke kai kashi 65 zuwa 70 cikin 100, akwai kuma ruwan jabel da matanmu ke wanki da shi, sai dai shi ba shi da ƙarfi sosai kuma zafi yana kashe shi da wuri, wanda aka sa wa turare kuwa ba a zuba shi a rijiya. Awon da aka saba shi ne giram 300 na garin ga kowace lita 1,000 ta ruwa, watau kamar cokalin cin abinci 20 a shafe. Bututu mai faɗin milimita 125 yana ɗaukar kamar lita 12 a kowace mita, saboda haka in tsayin ruwan da ke ciki mita 20 ne, lita 240 ke nan, cokali 5 sun isa. Ba a watsa garin haka nan. Ana narka shi a bokitin roba, a bari fari-farin ya kwanta, a tsiyaye ruwan a zura shi da tiyo har zuwa rariya. Sa'an nan a haɗa wasu ganguna biyu ko uku da awo iri ɗaya a bi da su, don nauyinsu ya tura maganin ya fita cikin tsakuwa inda yauƙin ya yi gida. A motsa ruwan, a rufe, a bari ya yi awa 12 zuwa 24, kana a zuƙe har sai warin ya tafi. In yauƙin ya yi kauri sai an maimaita.

Maganin ɓawo mai tauri kuwa asid ne, kuma wannan ba aikinmu ba ne, aikin gwani ne mai safar hannu da tabarau da abin rufe hanci. Abin da ya kamata mu sani shi ne sunaye, don kada a sake yi mana abin da aka yi. Akwai asid na gari da ake kira sulfamik, yana aiki a hankali kuma ya fi sauƙin ɗauka. Akwai na ruwa da ake kira kuloridirik, yana da kaifi da hayaƙi mai shaƙe mutum, yana cin ƙarfe, dole sai an haɗa shi da abin da ke kare bututu. Ruwan batir ba ya cikin lissafi ko kaɗan. In ya gamu da farin ɓawo, wani dutse yake haifarwa wanda ba ya narkewa, toshewar ta ƙaru, wanda aka tsiyayo daga tsohon batir kuma yana da dalma, guba ce ga mutum da dabba. Laka ita ma tana da nata, wani gari mai suna folifosfat da ke warware ta, amma in ba a zuƙe shi sarai ba sai ya zama abinci ga ƙwayoyin nan masu yauƙi, shi ya sa ake bin sa da kulorin.

Yanzu ku saurara da kyau, don abin da za mu faɗa ya shafi rai. Kada a taɓa haɗa asid da kulorin, ko a bokiti ko a cikin rijiya. In suka haɗu hayaƙi suke bayarwa mai ƙona huhu, yana iya kashe mutum a tsaye a bakin rijiya. In aikin yana bukatar duka biyun, asid ne farko, a zuƙe shi ƙaƙaf, sa'an nan wata rana dabam a sa kulorin. Wajen haɗawa, asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid. A tsaya ta inda iska ke busowa, a kori yara, a ajiye ganga cike da ruwa mai kyau kusa, in ya taɓa ido ko fata a yi ta wankewa har minti 15 kafin a garzaya asibiti.

Ruwan da aka zuƙo bayan magani kada ya shiga kwami, kada ya bi kwata zuwa kogi ko lambun wani. A haƙa masa rami nesa da rijiya a kewaye da ƙaya. In na asid ne a zuba masa farar ƙasa, ko kanwarmu ta Kanem da muke ba shanu, a hankali don yana kumfa, ita ma tana kashe kaifinsa. Mai aikin ya nuna mana takardar gwaji mai sauya launi, kafin aiki da bayansa, sai lambarta ta dawo inda take, tsakanin 6 da rabi zuwa 8 da rabi, kafin a shayar da ko akuya. Ruwan da mutane za su sha kuwa, a kai samfurinsa ɗakin gwajin ruwa na ƙasa da ke nan Injamena. Har ila yau, a tanadi ruwan kwana 2 ko 3 tun kafin a fara, don ƙishirwar garke ita ce ke sa mutum ya buɗe kwami da wuri.

Masu rijiyar siminti mai faɗin baki, wadda ake ja da wasaki da shanu ko raƙumi, naku dabam ne. Asid yana cin siminti, kada ya je kusa da ita. Maganinta yasa ce irin ta kakanni, a kwashe laka da guntayen igiya da kashin dabbobi, a goge bango, sa'an nan a sa kulorin. Mai faɗin mita 1.8 tana ɗaukar kamar lita 2,500 a kowace mita ta ruwa, sai a yi lissafi da wannan. Kada kowa ya sauka bayan an sa magani, kuma kada a saukar da injin fetur cikin rijiya, hayaƙinsa ba ya fita, ya sha kashe masu yasa. Fitilar da ake zurawa tana nuna in iska ta ƙare ne kawai, ba ta nuna guba.

Wani zai ce rijiyarsa ce, abin da ya ga dama zai zuba. Dokar ruwa ta ƙasar nan, mai lamba 016 ta watan Agusta 1999, ta ce ruwan da ke cikin iyakokin ƙasa dukiyar al'umma ce baki ɗaya. Bututu da famfo naka ne, amma ruwan da ke ƙasa yana tafiya, kuma a unguwannin da foraj ke kusa da foraj abin da ka zuba yau maƙwabcinka zai iya ɗebowa gobe. Saboda haka a sanar da maƙwabta da bulama kafin aiki, su ma su dakata da ɗiba na wannan lokaci.

Rigakafi ya fi magani. Da yawanmu mun sa famfo mai aiki da hasken rana, abu ne mai kyau, amma in ya fi ƙarfin rijiya yana saukar da ruwa har rariya ta fito sarari, iska ta shiga, ƙarfe ya yi tsatsa ya toshe tsagogi. A zaɓi famfo daidai da abin da rijiya ke iya bayarwa. Masu famfon hannu irin India Mark II, in bututun ƙarfe yana tsatsa ya mai da ruwa ja, a sauya shi da na roba ko na ƙarfen da ba ya tsatsa. A ɗaga bakin rijiya sama da inda ambaliya ta kai, a yi mata daɓen siminti da murfi, a kai kwami nesa, masai kuma kada ya kusance ta da ƙasa da mita 30. Ambaliyar 2024 ta kashe mutane sama da 500 a ƙasar nan, ta shafi kusan miliyan 2, ta tafi da dubban dabbobi. Duk rijiyar da ruwan ambaliya ya haye bakinta tana bukatar wanki da kulorin ko da ruwanta bai ragu ba, saboda kwalara da gudawa.

Ga abin da shugabannin ƙungiya suka tsayar, muna neman amincewarku. Kowace rijiya ta ɗan ƙungiya za ta sami littafi, a rubuta zurfinta da inda rariya take da awon nan uku, sau biyu a shekara, bayan damina da tsakiyar bazara. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami. Duk mai gyaran da ya zo, sai ya auna a gabanmu, ya faɗi sunan maganin, ya nuna rubutun da ke jikin mazubinsa, kuma rabin kuɗinsa ba zai shiga hannunsa ba sai an sake auna ganga bayan mako ɗaya. Masu rijiyoyin da ke hanya ɗaya su haɗa kai su ɗauki kwamfaresa rana ɗaya su raba kuɗin. Ranar da ɗaya ke wankin tasa, maƙwabci ya buɗe masa kwaminsa, gobe shi ma a yi masa. Za mu kuma kai kuka ga ma'aikatar ruwa da ta kiwon dabbobi, su horar da 'ya'yanmu wannan aiki, su ba mu sunayen masu gyaran da suka yarda da su.

Iyayenmu da 'yan'uwa, muna ta faɗa a ko'ina cewa a buɗe mana burtali, a bar mana mashaya a bakin Shari, kuma ba za mu daina ba. Amma duk garken da ya sha ya ƙoshi a zango ba zai ratsa lambun kowa da tsakar rana ba. Mu mun yi asarar maruƙa biyu da famfo da kuɗin diyya, yaron mutane kuma yana nan da tabo a hannu, duk saboda ba mu zura igiya mun auna ba. Littattafan suna wurin ma'aji, kowa ya karɓi na rijiyarsa kafin ya tafi, ranar kasuwa mai zuwa kuma za mu nuna yadda ake awon a rijiyar zango bayan sallar asuba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dukiya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.